Jiran Hanjin Alaramma Ya Farka

Da sunan Allah nake farawa, wanda bai saukar da cuta ba sai da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da mutanen gidansa.

Tun da na dawo daga Kaduna ban samu na sha shayina da zafinsa ba. Duk wanda ya zo dakalin ƙofar masallaci sai ya ce, "Malam Idi, yaya ka baro Alaramma? Yaya Kadunar take?" In na fara ba wannan labari, sai wancan ya iso ya ce a koma farko. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Alaramma da kansa ya ba ni izinin faɗin abin da zan faɗa, har ya ce kada in rage komai.

Ga wanda bai sani ba, Alaramma Habibu taubashina ne, mahaifiyarsa ƙanwar mahaifina ce. A zaure ɗaya muka yi karatun allo a nan Maraɗi, kafin ya wuce Zariya neman ilimi. Daga can ya zauna Kaduna, a Unguwar Sarki, inda yake da makaranta da ɗalibai magidanta, 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. A can duk wanda zai yi masa magana sai ya durƙusa. Ni kuwa har yau ba mu gama gardamar wane ne bawan wani tsakanina da shi ba.

Wata safiya cikin damina matarsa Hajiya Rabi ta kira ni a waya. Ta ce hanjinsa ya murɗe, an yi masa aiki, an yanke inda ya lalace an haɗa, kuma ya farfaɗo. Na yi hamdala, na ce in an sallame shi zan zo barka. Sai ta ce, "Malam Idi, in da hali ka taho yanzu." Na tambaye ta ko akwai abin da take ɓoye mini. Ta ce, "Kai dai ka taho." Mace mai kamun kai irinta ba ta maimaita magana a banza, don haka na tashi.

Na haɗa kayan dubiya irin yadda muka saba: kilishi, cuku, zuma da dabino. Na kuma yi masa rubutu, na wanke na cika 'yar jarka.

Bayan mun wuce Ɗan Isa, a kan iyaka, aka sauke mu aka ce kowa ya buɗe kayansa. Wani ma'aikaci ya ɗaga jarkata ya duba ta a hasken rana, ya ce, "Baba, wannan ba baƙin mai ba ne?" Na ce rubutu ne na mara lafiya. Abokin aikinsa, wanda furfura ta fara fito masa, ya karɓa ya sansana, ya ce, "Kai, ina ka taɓa jin baƙin mai yana ƙanshin ƙaro?" Sai ya rage murya ya ce mini bayansa na damunsa, ko zan ɗan sam masa. Na zuba masa a murfi ya shanye, ya shafa fuska, ya ce mu wuce. Ashe a garin sauri ban murɗe murfin da kyau ba. Kafin mu isa Katsina kusan rabin rubutun ya tsiyaye a kan buhun waken wata 'yar kasuwa da ke zaune bayana. Na fara ba ta haƙuri, ta tare ni da dariya, ta ce, "Bar shi, Malam. Wakena ya sha karatu, duk wanda ya ci sai ya haddace."

A Katsina na kwana a zauren wani tsohon abokin karatu, aka ba ni tuwon dawa da miyar kuka, ban ji na bar gida ba. Da safe na shiga motar Kaduna, ta Funtuwa da Zariya. Shingayen bincike sun yi yawa, har na daina lura da su. Abin da na lura da shi shi ne akwai wani yanki na daji da in an shiga sai motar ta yi tsit. Direba ya kashe kiɗan da yake ji, wanda ke ta ciniki a waya ya sa ta aljihu, kowa ya kama salati. Da aka fita sai hira ta dawo, ba wanda ya ce uffan kan shirun da aka yi.

Na sauka a Kawo, na shiga keke mai ƙafa uku zuwa Unguwar Sarki. Matuƙin yana yi mini hira, rabi Hausa rabi Turanci, ni kuwa ina cewa "haka ne" a inda na ga ya dace. A gidan Alaramma aka sauke ni, a ɗakin baƙi na kusa da zaure. Nan aka kawo mini shayi da burodinsu, mai laushi da zaƙi kamar na yaye yaro, ba irin namu dogo mai kama da sanda ba. Fura kuwa inji ke dama musu ita, ta fito sumul da sanyi, ba gudaji ko ɗaya da mutum zai tauna ya san gero ya sha. Amma masarsu da miyar taushe, wannan kam na sallama.

Asibitin yana wajen Unguwar Rimi, cikin gidaje masu dogayen katangu da ba ka jin motsin kowa a bayansu. Tun daga ƙofar ɗaki na gane inda yake, saboda takalman da aka jera. Mu a nan in an je dubiya, a gaisa, a yi addu'a, a tashi. Ɗaliban Alaramma kuwa sun jeru a ƙasa jikin bango kamar ana darasi, in wasu sun tafi kasuwa wasu su maye gurbinsu. Babbansu, Malam Sani, mai sayar da yadi, shi ke zaune daf da ƙafafunsa yana yi masa fifita.

Ban taɓa ganin Habibu ba rawani ba tun da ya yi gemu. Ya ƙanƙance a kan gadon, leɓunansa sun bushe, ga robar ƙarin ruwa a hannu. Ya buɗe ido ya gan ni, ya ce a hankali, "Wa ya buɗe wa wannan ƙofa?"

Na ce, "Bawa ya kwanta, dole ubangida ya zo ya duba dukiyarsa."

Ɗaliban suka dube ni kamar na zagi liman a kan mumbari. Shi kuwa ya yi ɗan murmushi, ya riƙe hannuna bai saki ba.

Ina cikin fito da kayan dubiya sai ma'aikaciyar jinya ta shigo, Sista Rifkatu, doguwar mace mai murya a buɗe. Ta dubi kilishi da cuku ta ce, "Baba, wannan sai dai ku masu lafiya ku ci." Na nuna mata jarka na ce to wannan rubutu ne. Ta ce, "Na sani. Ko ɗigo ɗaya kada ya wuce maƙogwaronsa. Ku shafa masa a goshi." Ba da raini ta faɗa ba. Sannan ta taɓa cikinsa, wanda ya yi tsiri ƙarƙashin mayafi, ta ce da ƙarfi, kamar mai tambayar ƙarfe nawa:

"Baba, ka yi tusa?"

Kawuna suka sunkuya gaba ɗaya. Malam Sani ya ƙirƙiro tari. Alaramma ya rufe ido ya ci gaba da jan carbi.

"Baba, da kai nake."

Ya ce, "Alhamdu lillahi."

"Alhamdu lillahi an yi, ko alhamdu lillahi ba a yi ba?"

Ya kawar da kai. Ta girgiza kai ta fita.

Ni ma, ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini nauyi. A gida in irin wannan ta kuɓuce wa dattijo cikin mutane, kowa kurma yake zama. Sai da likita ya tsayar da ni da Hajiya a baranda na gane dalilin tambayar. Ya ce hanjin da aka taɓa da hannu yakan yi barci, kuma alamar ya farka ita ce iska ta fita. Kafin nan ba ci, ba sha. Ya ce abin da ke tashe shi shi ne mara lafiya ya sauko ya ɗan taka, amma Alaramma ya ƙi sauka daga gado. In cikin ya ci gaba da kumbura, za su zura masa roba ta hanci su zuƙe, su ɗauki hoto, in abin ya ƙi sai a koma ɗakin tiyata. Ya ce, "A shekarunsa, ba na son in sake buɗe shi."

Da likita ya wuce, Hajiya ta ce in biyo ta. A bayan ginin akwai bishiyar mangwaro inda masu jinya ke shimfiɗa tabarmi, kowa da kulolinsa da butarsa. Mutane ne daga garuruwa daban-daban, Musulmi da Kirista, amma sun san ciwon juna, har suna ajiye wa juna wuri. Nan ta zauna ta juya mini gefe, tana magana tana kallon ƙasa.

Ta ce, "Cikin nan yana kuka, Malam Idi. Ina ji da kunnena. Sai in ga ya cije leɓe ya damƙe ƙarfen gado har abin ya lafa."

Na ce, "Kina nufin riƙewa yake yi?"

Ta gyaɗa kai. Ta ce ɗakin ba ya rabuwa da mutane tun daga asuba har a rufe ƙofa. Ga kuma alwala. Tun yana saurayi ba ya zama ba alwala, yanzu kuwa kowace alwala sai mutum biyu sun tallabe shi, ga allura a hannu, shi ya sa in ya samu ɗaya yake tattalinta kamar ƙwai. Sauka daga gado kuma ya ƙi ne don kada a bi shi da jakar fitsari a gaban ɗalibansa.

Ta ce, "Duk zaman da muka yi da shi, ban taɓa furta irin wannan kalma a gabansa ba. 'Ya'yansa ba za su iya ba. Ɗalibai kuwa ko a mafarki. Na duba duk dangi, ban ga mai bakin faɗa masa ba sai kai."

A nan na san abin da ya sa aka taso ni tun daga Maraɗi. Na daɗe ina ɗaukar wasan taubasai abin nishaɗi ne kawai, na ranar suna da biki. Ban taɓa tunanin magabata sun bar wa kowane babban mutum wani guda da zai iya ce masa abin da ba a cewa ba.

Sai dai ba a korar mai dubiya, lada ya zo nema. Na yi ta juya abin a raina har washegari. Da hantsi na ja Malam Sani gefe na ce masa, "A garinmu in malami ya kwanta, saukar Alƙur'ani ake yi masa a makarantarsa, a wurin da ya zauna ya koyar." Ban yi ƙarya ba, ana yi. Ya ce ai yanzun nan za su rarraba izu su gama kafin azahar. Na ce, "A'a. Ba irin wadda ake gamawa kafin shayi ya huce ba. Mutum ɗaya ya ja, saura su saurara, in ya gaji wani ya karɓa, har a kai ƙarshe. Kuma kada mutum ɗaya ya rage a nan, ni zan zauna da shi." Fuskarsa ta yi haske, don dama abin da ke cin ransu shi ne suna zaune ba su da abin yi masa. Nan da nan takalma suka ɓace daga ƙofa.

Na tsinci wani dutse mai sulɓi a gindin mangwaro, na wanke shi na shanya, na shiga na ajiye a gefen matashinsa. Hajiya ta fita ta ja ƙofa.

Ya dubi dutsen, ya dube ni. In rai ya ɓaci harshensa gida yake komawa. Ya ce, "Mi ka yi wa ɗalibaina?"

Na ce, "Na aike su aikin da suka iya. Saura kai ka yi naka."

"Idi, ka kiyaye ni."

"Ni da muka kwana kan buzu ɗaya a shekarun da ake ba mu ɗanwake safe da yamma? Wace murya ce taka da ban sani ba?"

Ya so ya yi dariya, ɗinkin ya hana shi. Na ce masa shi da bakinsa yake koya wa mutane cewa sallar mai matsi makaruhi ce, kuma Allah ya sauƙaƙa wa mara lafiya ya yi taimama. Ya ce ruwa ga shi a buta. Na ce ruwan da sai ƙarti biyu sun ɗaga ka kafin ka taɓa shi? Muka yi ta ja kamar muna gaban malaminmu, yana kawo hujja ina kawowa. Can sai ya juya fuska bango.

Ya ce, "Sun gan ni ba rawani. Sun ga an rataya mini jaka kamar jariri. Mace tana tambayata abin da uwata ma ta daina tambayata. Abin da ya rage mini ke nan, Idi."

Na san abin da yake nufi. Mutum ya yi rayuwarsa yana tsare mutuncinsa saboda karatun da ke ƙirjinsa, rana ɗaya a kwance shi a gaban jama'a. Amma na tuna fuskar likita, na tuna Hajiya a gindin mangwaro.

Na ce, "To Rabi za ka bar wa takaba don kunyar Sani mai yadi?"

Carbin ya tsaya a hannunsa. Bayan ɗan lokaci ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Kira mini yarinyar nan ta sauke ni."

Sista Rifkatu ta zo ta nuna masa yadda zai juya gefe ya dafa gado, ta ba shi matashi ya danne ɗinkin da shi. Da ƙafafunsa suka taɓa ƙasa, gumi ya keto masa. Na ɗauki jakar na rufe ta da hannun babbar rigata, ya dafa kafaɗata, muka fita baranda, ƙarfen ƙarin ruwa yana bin mu yana ƙara kamar amalanken da bai sha mai ba. Muka je bakin taga muka dawo. Ba a samu komai ba. Da azahar ta yi ya ɗauki dutsen, ya juya shi a hannu, ya yi taimama ya yi sallarsa a zaune, bai dube ni ba.

Bayan la'asar muka sake fita. Hadari ya haɗo, an fara yayyafi. Mun kusa ƙarshen baranda sai ya tsaya cak, yatsunsa suka nutse a kafaɗata. Na ji jikinsa ya ɗaure kamar yadda Hajiya ta faɗa.

Na ce, "Saki, bawana. Ba kowa sai ni da Allah."

Ya saki. Ta fito doguwa, kuma yayyafin bai kai ya rufe ta ba.

Ashe akwai wata tsohuwa zaune a benci bayan ginshiƙi, mai jinyar ɗanta. Ta leƙo ta ce, "Barka, Baba! Barka da arziki! Mu namu tun jiya muke jira, ka sa mu a addu'a."

Habibu ya danne cikinsa da matashi, kafaɗunsa suna rawa. Na kasa gane dariya yake ko kuka, ina jin duka biyun ne. Ya ɗaga hannu ya yi wa ɗan tsohuwar addu'a a nan tsaye, ta shafa.

Da Sista Rifkatu ta ji, ta tafa hannu ta ce, "Yawwa, Baba na!" Likita ya zo ya ɗora abin saurarensa a cikin, ya daɗe yana ji, sannan ya ce a fara ba shi ruwan ɗumi da cokali, kaɗan-kaɗan. Hajiya ce ta ba shi. Ya riƙe ruwan a baki kafin ya haɗiye. Sannan ya ce mini, "Addu'ar nan ta fitowa daga bayi da nake koya wa yara, ta gode wa Allah da ya fitar da cuta ya bar lafiya. Na koyar da ita har ban san iyaka ba, amma sai yau na karanta ta da gaske."

Washegari da hantsi ɗalibai suka dawo, idanu sun yi ja, muryoyi sun dushe, sun kai saukar ƙarshe. Suka jeru jikin bango yadda suka saba. Suka tarar da shi zaune a kujera, da hula a kansa, jakar tana rataye a gefe ba wanda ya rufe ta. Malam Sani ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, an sauke. Yaya ƙarfin jiki?"

Alaramma ya sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya dube su ya ce da muryar da yake ba da darasi:

"Sani, na yi tusa. Ku ce alhamdu lillahi."

Ɗaliban suka dubi juna. Sai Malam Sani, kansa a ƙasa, ya ce, "Alhamdu lillahi." Saura suka amsa gaba ɗaya, magidanta masu gemu, wasu suna share ido da bakin riga.

Na baro shi yana shan kunu, yana zuwa bakin taga da ƙafarsa ba mai riƙe shi. Nan labarina ya tsaya, da godiyar Allah. Allah ya tashi kafaɗun marasa lafiyarmu na gida da na asibiti, ya ba masu jinyarsu haƙuri da lada.